Ƙanwar Mai Fenti

A gida Auta ake ce mata, a masana'antar robobi kuma 'yar ofis. Ɗakinta yana ƙarshen baranda, tsakanin sito da ɗakin janareto, inda da an tayar da injin sai ruwan da ke kofinta ya kama rawa. Teburi ɗaya ne, kujeru biyu, da fanka mai kuka. Aikinta shi ne ta ɗauki sababbin ma'aikata, ta raba faɗa tsakanin masu aikin safe da masu aikin yamma, ta saurari wanda shugabansa ya zaga, sannan ta saurari shugaban shi ma. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta a jami'a, wanda ake ce wa saikoloji, kuma wannan ɗakin ne inda karatun ya sauke ta.

Ba nan ta nufa ba. Tana ɗaliba asibiti take hange, ita da fararen kaya, mutum ya shigo da damuwa ya fita da sauƙi. Sai da ta kusa gamawa ta gane cewa digirin farko ba ya kai mutum can. Duk wanda zai zauna da majinyaci sai ya ƙara digiri na biyu, ya kuma daɗe yana aiki a ƙarƙashin wani gwani kafin a sakar masa mutum shi kaɗai. 'Yan ajinsu kowa ya kama gabansa. Ƙawarta ta kusa ta samu wata makarantar 'yan mata tana ba ɗalibai shawara, tana kuma koyar da duk darasin da malaminsa ya gudu. Wani ya shiga gidan yari yana kula da walwalar fursunoni. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin yana kamfanin talla, yana tambayar mata dalilin da ya sa suka fi son wannan sabulun a kan wancan, kuma shi ne ya fara sayen mota. Ita Auta ta ce za ta ɗan taɓa aikin masana'antar kafin ta koma karatu. Ɗan taɓawar nan ya ci shekaru.

Mama ba ruwanta da wannan bambancin. Ko wa ya tambaya sai ta ce 'yarta likitar ƙwaƙwalwa ce, har maƙwabta suka riƙa kawo mata yaran da ke fitsarin kwance. Yayanta kuwa tsokana ya mayar da abin.

"Likita, dube ni da kyau. Me nake tunani yanzu?"

"Abinci, Yaya."

"Kai! Wallahi karatun nan bai tafi a banza ba."

Yayan nan mai fenti ne. Da mahaifinsu ya rasu shi ya ajiye makaranta ya ɗauki buroshi, kuma da buroshin nan ya yi mata karatu tun daga firamare har jami'a, bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, faratansa ba su taɓa rabuwa da fari ba. A cikin masu sana'arsa an san shi da abu ɗaya: layin da ke raba bango da silin. Wasu sai sun manna takarda kafin su ja shi. Shi kuwa sai ya hau can ƙarshen tsani, ya riƙe numfashi, ya ja shi da hannu, ya fito a miƙe kamar an gwada da zare. Abokin aikinsa, wani siriri da ake kira Dogo, yakan ce shi Allah ya ba shi tsawo, ya ba Yaya hannu, da za a haɗa su da an samu mutum guda cikakke.

Wata rana suna fentin bayan wani bene, ƙafar tsani ta zame a kan jiƙaƙƙen tayil. Yaya ya faɗo, bokitin fenti ya biyo shi. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce fari fat yake tun daga kai har ƙafa, idanunsa kaɗai ke motsi. Ya sha da ƙyar. Aka sa masa ƙarfe a cinya, ya yi watanni yana dogara sanda, matarsa, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye, tana ɗawainiya da shi da yaran da kuma ɗinkinta. Ƙashi ya haɗe. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce ya warke sarai, ya koma bakin aiki. Kowa ya yi hamdala.

Ya koma ɗin. Amma Auta ta ga abin da sauran ba su gani ba, ko suka gani suka kau da kai. Ya daina tsokanarta. In ya zo gaishe da Mama ya tarar an jingina tsani a layin, sai ya tsallaka ɗaya gefen titin. Maman Tagwaye ta ce barcinsa ya lalace, yakan zabura yana laluben gefen gado. Sannan Dogo da kansa ya zo har masana'antar, ya zauna a kujerar baƙi, gwiwoyinsa suna dukan teburin.

"Ƙanwata, ni ba tsegumi na zo yi ba. Tun da ya dawo bai hau tsani ba. Yau ya ce tsanin karkatacce ne, gobe ya ce ƙafa ce ke damunsa. Yana ƙasa yana shafa fenti da rola, duk sama ni nake yi. Ni ban ƙi ba, mutumin nan ya yi mini abin da ba zan manta ba. Amma ga aikin wata makaranta an ba mu, azuzuwa ne masu dogon silin, kuma ana son a gama kafin yara su dawo hutu. Ni kaɗai ba zan iya saman nan ba. Mai fentin da ba ya hawa kuwa, ke ma kin sani, kwana kaɗan ne za a daina kiransa."

Da ya tafi ta daɗe a zaune. Ta san sunan abin nan, ta rubuta jarrabawa a kansa ta ci. Ta ji a ranta cewa ga ranar da karatun zai biya wanda ya ɗauki nauyinsa.

Ta same shi a gidan Mama yana shan shayi. Ta ja kujera ta zauna daf da shi, ta haɗa hannuwa a kan gwiwa, ta sassauta murya yadda aka koya musu.

"Yaya, idan ka tuna ranar nan, me kake ji a jikinka?"

Ya dube ta ta saman kofin. "Wace murya ce wannan? Mura kike yi?"

"Da gaske nake. Ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro bayan..."

"Wa ya ce miki tsoro nake ji? Mama, ki yi wa 'yarki magana, ta fara gwajin karatunta a kaina."

Ya ajiye kofin da sauran shayi a ciki ya fita.

Da magana ta ƙi, sai ta koma ga abin da ta tuna daga aji: irin wannan tsoron ba a kawar da shi da lallashi, sai dai mutum ya riƙa tunkarar abin kaɗan-kaɗan har jikinsa ya yarda cewa ba zai mutu ba. To, tunda Yaya ba zai yarda ya tunkara ba, ita za ta kawo masa abin har gabansa ba tare da ya sani ba.

Ta fara da ƙwan fitilar ɗakin Mama. Ta taka kujera ta ɗan murɗe shi har ya mutu. Da ya zo, Mama da ba ta san komai ba ta yi masa ƙorafi. Ya ɗan tsaya, ya ja wata gajeriyar kujera, ya taka, ya gyara, ya sauko. Auta tana kicin tana leƙe, zuciyarta kamar ta fito don murna. Bayan 'yan kwanaki ƙarfen labule ya fita daga mazauninsa. Daga nan akwatin Mama na magunguna ya tsinci kansa a saman kabad. Duk ya yi su, yana mita.

"Gidan nan aljanu ne suka tare a ciki? Komai sai ya lalace a sama, ba a ƙasa ba."

Maman Tagwaye ce ta fara ganewa. Ta ja ta gefe ta ce, "Auta, abin nan da kike yi ban so shi ba. Yayanki ba yaro ba ne."

"Anti, dabarar tana aiki fa. Ba ki ga jiya teburi ya taka ba?"

"Na gani. Na kuma ga hannunsa da muka koma gida."

Ba ta ji ba. Ranar fara aikin makarantar tana matsowa, ita kuma tana sauri. Ƙwan da ya rage shi ne na zauren shiga gidan, mai dogon silin, wanda kujera ko teburi ba sa kai wa. Ta aro tsani a wurin maƙwabci, ta hau da kanta ta murɗe shi, ta bar tsanin a jingine kamar an manta da shi.

Ranar gidan a cike yake, ga Mama, ga Maman Tagwaye da yaran. Mama ta ce zauren ya yi duhu, jiya saura kaɗan ta faɗi a wurin. Yaya ya dubi tsanin, ya dubi mahaifiyarsa. A gabanta ba zai ce ba zai iya ba. Ya goge tafukansa a wando, ya gyara zaman tsanin, ya sake gyarawa. Auta ta yi wuf ta riƙe masa. Ya fara hawa a hankali, idonsa a kan bango, numfashinsa ana ji daga ƙasa. Ya kai. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙwan, ya ɗan murɗa shi kaɗan, haske ya cika zauren.

Sai ya tsaya. Ƙwan da ya mutu ba ya tashi da rabin murɗawa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin gine-gine ya san haka. Ya sunkuyo ya dubi ƙasa. Abin da ya gani shi ne fuskar ƙanwarsa a ɗage, idanunta a kansa ƙur, tana nazarinsa.

"Ke ce," ya ce. "Duk ke ce."

Duban ƙasan nan shi ya gama da shi. Hannuwansa suka ƙanƙame tsanin, ƙafar da aka sa wa ƙarfe ta kama karkarwa har tsanin yana ƙara a jikin bango. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya kasa hawa, ya kasa sauka, ga haske tar a kansa, ga 'ya'yansa suna kallo. Mama ta kama salati. Auta ta buɗe baki, duk abin da ta karanta ya gudu ya bar ta.

Maman Tagwaye ce ta kora yaran ɗaki, ta ture Auta gefe da kafaɗa. Ba ta ce masa kada ya ji tsoro ba. Ta kama idon sawunsa da hannu biyu ta ce, "Baban yara, ba ni wannan ƙafar." Ta sauke ta ta ɗora a matakin ƙasa. "Yauwa. Ba ni ɗayar." Haka ta riƙa karɓar ƙafafunsa har ya taka ƙasa. Ya ɗauki hularsa da ta faɗi, bai dubi kowa ba, ya fita.

Daga ranar ya daina zuwa gidan Mama sai ya tabbatar Auta tana wurin aiki. In ta kira wayarsa sai ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya aika wa Dogo cewa ya nemi wani su yi aikin makarantar, shi ya haƙura da sana'ar, zai nemi tsaron shago.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta nufi wurin wata tsohuwar malamarsu ta jami'a, wadda take kuma ganin majinyata a babban asibiti. Mace ce mai furfura da tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta cire tabarau ta murza idanu.

"Hanyar da kika tuna daidai ce. Amma rabinta kika tuna. Ɗaya rabin shi ne mutum ya san abin da ake yi, ya yarda da bakinsa, shi zai zaɓi inda zai fara, kuma in ya ce a tsaya a tsaya. Mutumin da ƙasa ta yaudare shi sau ɗaya, ke kuma kika zo kika ƙara masa da yaudarar gida."

"Malama, taimako na so yi."

"Na sani. Kowa ma taimako yake so ya yi. Shi ya sa ake ƙara wa mutum shekaru yana koyo a gaban wani kafin a bar shi da ran mutane. Ko ni da furfurata ba na duba ɗan'uwana. Irina za a samu a asibitoci. Ƙanwa kuwa ke kaɗai gare shi. Koma ki zama ƙanwarsa. In ya ga dama ya zo, ƙofata tana kusa da ta likitan ƙashi."

Ranar hutu ta tafi gidansa ba ta sanar ba. Ta same shi a tsakar gida ya baje kayan aikinsa, yana wanke burosai da kananzir zai ba Dogo. Ta yi sallama, ya amsa can ƙasan maƙoshi. Ta ja wani tsohon bokitin fenti ta kife ta zauna, ta naɗe hannun rigarta, ta ɗauki buroshi ɗaya ta fara wankewa. Ya bar ta. Suka daɗe a haka, ba abin da ake ji sai keken ɗinkin Maman Tagwaye daga ɗaki.

"Ba haka ake yi ba," ya ce daga baya. "Kina karya masa gashi. Daga gindi ake matsowa."

Ta gyara. Sai da ta gama shi ta ce, idonta a kan hannunta, "Yaya, na yi maka wayo. Ban kyauta ba."

Ya ci gaba da wanke buroshinsa.

"Magana ɗaya zan faɗa, daga ita ba zan sake ba. Abin nan da ke damunka ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Yana samun direbobi bayan haɗari, yana samun sojoji. Ana warkewa, mutane da yawa sun warke. Ni ban iya ba, ka gani da idonka. Akwai wata mata a asibiti, ƙofarta tana kusa da inda ake duba ƙafarka. Ba za ta yi maka komai a ɓoye ba. Shi ke nan."

"Kin gama?"

"Na gama."

"To miƙo mini wancan tsumman."

Cika wannan alkawarin shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi. Ya dawo yana amsa wayarta, suna gaisawa, suna maganar ciwon ƙafar Mama da makarantar tagwaye. Maganar tana zuwa mata har bakin leɓe, sai ta haɗiye. Aikin makarantar ya wuce, Dogo ya yi shi da wani. Yaya ya fara zama a shagon wani mai sayar da fenti, yana haɗa wa mutane launi, yana dawowa gida da fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. Tana gani, ta yi shiru. Abu ɗaya ta lura da shi: burosan nan da suka wanke ba su tafi wurin Dogo ba, suna nan a rataye a bayan ƙofa.

Wata rana tana ofis Maman Tagwaye ta kira ta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ya je fa. Mun je duba ƙafa, da muka fito sai ya ce in jira shi a benci. Ya daɗe a ciki."

"Me ya ce da ya fito?"

"Cewa ya yi wanda ya yi wa matar nan fentin ofis ba ya tsoron Allah. Wai layin silin ɗin kamar tafiyar maciji."

Auta ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta rufe ƙofa don kada ma'aikata su gani.

Ya ci gaba da zuwa. Ba ya ba da labari, ita ma ba ta tambaya. Bayan wani lokaci Malama ta ce masa ya zo da tsaninsa na aiki, za su fara a filin da ke bayan asibitin, ya kuma zo da wanda ya yarda ya riƙe masa. Da Auta ta ji, ta nemi izini a wurin aiki, ta sa takalmi maras tsini, ta isa gidansa da sassafe. Ta tarar ana ɗaure tsanin a saman motar haya, Maman Tagwaye ta yafa mayafi ta fito.

"Ina zuwa haka, Likita?" Rabon da ya kira ta da sunan nan tun kafin ya faɗo.

"Na zo in riƙe maka."

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya gwada ƙarfinta, sannan ya juyo. Babu faɗa a muryarsa.

"Auta, ke in kin riƙe tsani, fuskata kike kallo. Ita kuwa ƙafar tsanin take kallo. Mai riƙe tsani ƙasa yake duba. Je ki wurin aikinki."

Maganar ta soke ta. Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, tsanin yana leƙowa ta baya. Sannan ta tafi aiki, tunda ba ta da wani wurin zuwa.

A ranar ne shugaban masu aikin safe ya shigo mata da ƙara. Akwai wani dattijo da injin yanka roba ya taɓa cin yatsunsa biyu. Ya warke ya dawo, amma kullum sai a same shi da tsintsiya yana shara, ko yana taya masu lodi, injinsa yana tsaye.

"Lalaci ne kawai," in ji shugaban. "Ki rubuta masa gargaɗi, in ya sake a sallame shi."

A da, da ta rubuta. Ta ce a turo mata shi. Dattijon ya shigo ya zauna a bakin kujera, ya ɓoye hannun a cikin aljihu. Ba ta sassauta murya ba, ba ta haɗa hannuwa a gwiwa ba.

"Baba, an kawo ƙararka, an ce ba ka zama a injinka. Ni ba korarka nake so in yi ba. Injin ne ba ka son tsayawa kusa da shi?"

Ya dubi fankar. "'Yata, ƙararsa ce. Da ya tashi sai in ji hannun nan ya ɗauki zafi kamar yanzu abin ya faru."

"To me kake so a yi? Akwai gurbi a wurin shirya kaya, babu inji. Akwai kuma asibitin da ake taimaka wa mutum da irin wannan, in kana son komawa injinka. Kai za ka zaɓa."

Ya ce a ba shi shirya kaya tukuna, zai yi tunanin ɗayan. Ta sha fama da shugaban, ta sha fama da manaja, wanda ya tambaye ta ko masana'anta ce nan ko gidan jinya. A ƙarshe aka mayar da shi. Da ta zauna ta tuna mutanen da suka ji rauni a wurin nan tun zuwanta, ta ga da yawansu ba su daɗe ba bayan sun dawo, kuma ita ce ta sa hannu a sallamar wasunsu.

Ta koma wurin Malama, wannan karon a kan maganar kanta. Ta ce tana son komawa karatu, amma ba ta san ko har yanzu asibitin take so ba.

"Ba kowa ne zai zauna a irin ɗakin nan ba," in ji Malama. "Mutumin da ya zo wurina na ɗan lokaci ne. Sauran ranakunsa a wurin aiki yake yin su, a hannun irinku. Akwai digiri na biyu a ɓangaren ma'aikata da wuraren aiki, har da yadda ake mayar da wanda ya ji rauni bakin sana'arsa. Ana yin sa da yamma, ba sai kin bar aikinki ba. Zai ci ki, ki sani."

Ya ci ta kuwa. Takan tashi daga masana'anta da warin roba a kayanta, ta kama bas zuwa aji, ta zauna cikin waɗanda ta girme su, wani lokaci barci ya sace ta a kan littafi. Mama ta ƙara wa maƙwabta bayani cewa yanzu 'yarta babbar likita za ta zama. Auta ta gaji da gyara mata, ta bar ta.

Yaya bai koma yadda yake a da ba, kuma babu amfanin a ce ya koma. Aikin bayan bene, inda mutum ke rataye tsakanin sama da ƙasa, ya bar wa Dogo har abada, ya faɗa masa haka da bakinsa ba tare da ya laɓe a bayan ciwon ƙafa ba. Amma cikin ɗaki ya dawo hannunsa. Ya bar shagon, suka koma aiki tare, kuma kafin ya hau kowane tsani sai ya durƙusa ya share ƙasan da tsumma, ko da masu gidan suna dariya.

Wata yamma tana sauri za ta kama bas, ta bi ta wani layi da ake gyaran shaguna. Ƙofar ɗaya a buɗe take, an shimfiɗa leda a ƙasa, Dogo yana tsaye ya dafe tsani. A can sama ga Yaya, ya ba titi baya, ya kafa buroshi a inda bango ya haɗu da silin, yana jan layinsa a hankali. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta rufe. Ta koma gefen wata mota ta tsaya. Bas ɗinta ta zo ta wuce. Ya kai layin har kusurwa, ya ɗaga buroshin, ya sauko da baya, ya taka ƙasa, sannan ya juyo.

"Tun ɗazu na ga inuwarki a bango," ya ce. "Ba aji gare ki ba?"

"Akwai."

"To me kike yi a nan? Dogo, ka ga 'yar bokon nan, mu muna aiki ita tana kallo."

"Ƙyale ta, duba mu ta zo yi," in ji Dogo. "Likita, ya kika ga majinyacin?"

"Ni ban ga majinyaci ba. Layi na gani, kuma ya ɗan karkace a can ƙarshe."

Yaya ya juya da sauri ya ɗaga kai, ya bi layin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Dogo ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Ƙarya take yi," in ji Yaya. "Wuce ki tafi makaranta, marar kunya. Kuma ki kula da bokitin nan."

Gargaɗin ya zo a makare, gefen takalminta ya riga ya shafi fenti. Wata bas ta tsaya a bakin layin, ta ruga ta shiga, shi kuma ya ja tsanin zuwa bango na gaba.